Wanda Ya Yanka Labulen Sama

Ranar Asabar ɗin da wani mai kiran kansa Likitan Haƙori ya kawo hasashensa zaurenmu na waya, ina kan keken ɗinki ina kalmasar wani siket, wayata a jingine da kwalin zare. Na karanta layi uku na farko, sai na ji ƙafata ta tsaya a kan keken ba tare da na ce mata ta tsaya ba.

"Lafiya?" in ji Yaya daga nata keken.

"Zare ne ya harɗe," na ce. Ba zaren da ya harɗe.

Labulen Sama dogon labari ne, yanzu yana littafi na biyar. Wani da ba wanda ya san fuskarsa, mai kiran kansa Mai Zare, shi yake sakin babi ɗaya kowace Asabar da safe, shekara huɗu ke nan bai taɓa fashi ba. A duniyar labarin akwai wani labule da aka rataya tsakanin mutane da duhun waje, kuma masu sihirin duniyar maɗinka ne. Zarensu ba na auduga ba ne, daga cikin kansu suke zaro shi. Duk sukar allura ɗaya, sai maɗinki ya manta abu ɗaya na rayuwarsa, shi ya sa manyan cikinsu suke mutuwa ba su san sunan uwar da ta haife su ba. A babin farko aka wayi gari an yanka labulen, duhu yana tsiyayowa cikin gari. Aka tarar da almakashin wani saurayi cikin masu koyo a wurin, Tsohon Maɗinki ya kore shi daga hasumiya. Tun daga nan ake kiransa Korarre, yana yawon duniya yana rantsuwa ba shi ya yanka ba.

Mu wajen ɗari takwas ne a zauren waya na masu karanta labarin, kuma tambaya ɗaya ce take hana mu sakat: wa ya yanka? Akwai masu cewa Sarauniyar Gishiri ce, don ta sami dalilin yaƙi. Akwai masu cewa wani shaho mai magana da ke cikin labarin ne, wai ma shi ne uwar Korarre da ta rikiɗe. Wata malamar makaranta ta yi wata shida tana kafa hujjar cewa abin da maɗinka suke mantawa ba ɓata yake yi ba, yana nan cikin ɗinkin, wanda ya shafa shi da tafin hannu zai tuna. Kowa ya san Mai Zare yana cikin zauren, amma ba wanda ya san wace lamba ce tasa, don ko tari ba ya yi. Mun gane haka ne lokacin da aka kama shi da dokin da ya mutu a littafi na biyu ya kuma dawo yana cin ciyawa a na uku. Asabar ta gaba sai ga bayanin cewa dokin tagwaye ne.

Ni a zauren ana kirana Uwar Hujja, kuma ban sami sunan a banza ba. Hasashena shi ne Korarre da kansa ya yanka labulen, sannan ya ɗauki allura ya yi suka ɗaya, ya manta ya yi. Shi ya sa yake rantsuwa da zuciya ɗaya. Na tara hujja goma sha tara a bayan littafin da nake rubuta awon mutane. Rabin zaure suna bayana, kuma duk wanda ya kawo wata magana daban nakan bi shi layi-layi har sai ya ce ya tuba.

Ga abin da Likitan Haƙori ya rubuta ranar:

"Jama'a, ku koma babi na uku. An ce bakin yankan ya tattaune kamar ɓera ya ci. Korarre shi ne mafi ƙwarewa a masu koyo, yankansa ba zai tattaune ba. Almakashin dama a hannun bahago shi yake tauna ƙyalle haka. To waye bahago a hasumiya? A littafi na biyu 'Yar Fitila ta riƙe fitila da dama, ta gyara lagwani da hagu. A na uku an ce kullum a ƙarshen tebur take zama don kada gwiwar hannunta ta riƙa karo da ta wani. Ni dai na ce ita ce."

'Yar Fitila ita ce ƙaramar cikin masu koyo, 'yar lelen Tsohon Maɗinki, wadda duk zaure yake so. Ni kuma bahaguwa ce, kuma tun ina yarinya a ƙarshen tebur nake zama.

Shagonmu na Baba ne. Kekuna huɗu ne a ciki, uku a buɗe suke: nawa, na Yaya, da na Baba da yanzu sai dai a goge masa ƙura, don idonsa ya yi rauni. Yana zama a kujerarsa bakin ƙofa yana warware mana ɗinkin da ya karkace, da lalube, kuma har gobe ya fi mu sauri. Na huɗun yana lungu an lulluɓe shi da tsohon zanen gado. Na yayana ne namiji, wanda muke kira Tsinke saboda rama.

Ina shekara sha shida wata mata mai faɗa ta kawo wani siliki da ta ce daga ƙasar waje aka aiko mata, na auren 'yarta. Baba ya shimfiɗa shi a teburin yanka, ya zana da alli, ya ce kada wanda ya taɓa. Lokacin ba a bari na yi yanka, sai haɗa hannun riga da sa maɓalli, ni kuwa ina ganin na fi ƙarfin nan. Da rana kowa ya fita cin abinci, na ɗauki almakashin Tsinke mai jan zare a mariƙi, na sa a silikin. Ya zame, almakashin ya tauna, na ƙara dannawa don in gyara, sai ga ni na bar layin alli da faɗin tafin hannu, a gaban rigar. Na yar da almakashin a kai na fice ta baya.

Matar ta tara mana layi gaba ɗaya. Baba ya ɗaga silikin ya daɗe yana dubawa, ya ɗaga almakashin, sannan ya juya ya kwaɗa wa Tsinke mari a gaban mutane, saurayi ɗan shekara ashirin da biyu, ya ce ya fitar masa daga shago. Tsinke ya tsaya hannunsa a kunci, sannan ya fice. Washegari aka tarar da ɗakinsa ba jaka. Shekara sha biyu ke nan, abin da muka sani kawai yana raye, a wani gari na bakin teku. Ban taɓa faɗa wa kowa ba. Bayan tafiyarsa da wata biyu Baba ya sayo min almakashin hagu, na karɓa ban tambayi dalili ba.

Ban shiga labarin Labulen Sama da wani zato ba, wata mai kawo mana ɗinki ce ta turo min. Mutane sun fi sittin a ciki, ga yaƙe-yaƙe, ga shaho mai magana, wa zai tsaya tunanin shagon tela? Har na riƙa karanta wa Baba kowace Asabar da rana, yana warwararsa yana cewa, "Uhm. Ci gaba, Auta." Sai a littafi na huɗu, inda Tsohon Maɗinki yake koya wa yara ƙulli ya ce: "A bar wa zare wutsiya, ɗinki ma yana son hanyar komawa gida."

Wannan maganar Baba ce. Ba karin magana ba ce, ban taɓa jin ta a bakin wani tela ba, shi ya ƙirƙiri abinsa, kuma mu uku ya faɗa wa, ni da Yaya da Tsinke. Da na zo wurin a karatun rana, sai na tsallake sakin layin gaba ɗaya na ci gaba kamar ba komai. Na ce wa kaina dace ne. A makon ne kuma na ƙara hujja biyar a kan cewa Korarre ne ya yi.

To yanzu ga wani wai shi Likitan Haƙori. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Na bar siket ɗin na shiga binciken mutumin. Wata bakwai kacal da shigarsa zaure. Bai fi sau goma ya yi magana ba. Ina likitan haƙori ya san cin almakashi? Wannan sanin na wanda ya tashi a gindin teburin yanka ne. Na ce lallai biri ya yi kama da mutum: Tsinke ne ya gaji da jiran mutane su gano, ya buɗe wata lamba ya zo ya nuna musu hanya da kansa. Littafi na biyar saura babi shida ya ƙare. Zai kai 'Yar Fitila gaban jama'a ya tona mata asiri, ni kuma da bakina zan karanta wa Baba.

Na rubuta amsa mai zafi. Na ce siliki ko a hannun gwani yakan tattaune in almakashi ya dakushe. Na ce wanda bai taɓa riƙe allura ba ya tsaya a kan haƙoransa. Mutane suka yi ta dariya, amma kafin la'asar malamar makarantar nan ta gano wani wuri a littafi na ɗaya inda 'Yar Fitila ta miƙa wa Sarauniya kofi da hagu aka tsawata mata. Magoya bayana suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda na koya wa yadda ake kafa hujja, marasa kunya.

Sai kuma na fara lura da Yaya.

Yaya ta girme ni da shekara tara, kuma a cewarta labarin aljanu aikin marasa aikin yi ne. In ina karanta wa Baba, takan ƙara wa kekenta gudu don a san ba ta ji. Amma ranar Litinin na dawo daga sayen zare na tarar da ita a tsugune kusa da kujerar Baba da waya a hannu, tana magana ƙasa-ƙasa. Tana ganina ta kife wayar a cinya.

"Me kuke kallo?"

"Hoton wani ɗinki ne."

"Baba ne yake kallon hoto?"

"Bayani nake masa," ta ce, ta tashi ta koma kekenta.

Na ajiye ledar zaren. Na daɗe ina zargin tana da lambar Tsinke, don duk labarinsa da ya taɓa zuwa gidanmu ta bakinta ya zo, wai wani ne ya gan shi. Waye wanin, ba ta taɓa faɗa ba. Da rana na gwada ta. Ina guga na ce, kamar da wasa:

"Yaya, wai kin san wani ya ce 'Yar Fitila ce ta yanka labule?"

"Wace ce kuma 'Yar Fitila?"

"Ta cikin labarin nan."

"Ke dai kin ga ta kanki. Ki kula kada ki ƙona wa mutane riga a kan yarinyar da ko almakashinta ba ta da shi."

Na ɗaga dutsen gugar a hankali. A littafi na biyu ne aka ce 'Yar Fitila ba ta da almakashin kanta. Wanda ba ya karatu ina ya ji? Na kalle ta, ta sunkuya tana zura zare a allura, ta yi sau uku bai shiga ba.

Kwana biyu ina fama. In Yaya ta fita amsa waya, sai in kasa kunne. In Baba ya yi gyaran murya, sai in ɗago in dube shi. Ranar Alhamis na ce gara in ga abin da idona. Hoton da Likitan Haƙori ya sa a lambarsa allon wani asibitin haƙori ne, da sunan titi a ƙasa, a can ɗaya gefen gari. Na ce wa su Yaya haƙorina yana ciwo, na hau mota biyu.

Asibitin a saman wani kantin magani yake. Na zauna a benci tsakanin wani tsoho da ya ɗaure muƙamuƙi da wata mata mai kumburin kunci, ina shirya abin da zan ce in na ga Tsinke, ko abokinsa da ya ara masa lamba. Aka kira ni. Na tarar da wani gajeren mutum mai tumbi da sanƙo, wanda ko a mafarki bai haɗa hanya da gidanmu ba.

"Wanne ne yake ciwo, Hajiya?"

Na nuna wani can a ƙurya, na ƙarya. Ya kwantar da kujerar, ya haska fitila. A kan teburinsa na hango wata takarda an zana hasumiyar maɗinka da biro, hawa bakwai, an ja kibiya zuwa ɗakin fitilu.

"Kana karanta Labulen Sama?" na ce kafin ya sa min ƙarfe a baki.

Ai kamar na buɗe famfo. Mutumin nan ya manta da masu jira a waje. Ya ce shi ne fa Likitan Haƙori na zaure, ko na ga abin da ya rubuta? Na ce na ɗan gani. Na tambaye shi yadda aka yi ya san zancen almakashi, ko yana da tela a dangi.

"Ina fa! Matata ce bahaguwa. Shekara goma sha biyar duk abin da ta yanka da almakashin gidanmu sai ya fito kamar an ba akuya. Ranar nan tana yanka labulen kicin, na kalli bakin, na ce tsaya! Na ruga na buɗe babi na uku." Ya yi dariya har tumbinsa yana rawa. "Amma akwai wata Uwar Hujja, kai, matar nan ta sa ni gaba. Ni ina zargin ma ita ce Mai Zare, tana kawar da hankalinmu ne. Kin ga yadda take kare 'Yar Fitila kamar ƙanwarta? Ruwa ba ya tsami banza. Buɗe baki."

Na buɗe.

"Wanda kika nuna lafiyarsa ƙalau," ya ce. "Amma na kusa da shi ya yi rami." Ya ɗauko allura. Yana jiran wurin ya mutu, ya jingina da tebur ya rage murya kamar Mai Zare yana bayan ƙofa. "Akwai wanda ban saki ba tukuna, ina tsoron a cinye ni. Ni da nake ciran haƙori na gane cin bahago. To Tsohon Maɗinki fa? Mutumin da ya yi shekara arba'in yana yanka? An ce ya ɗaga labulen ya daɗe yana dubawa. Me yake dubawa?"

Na fito da leɓe a kumbure, rabin fuskata ba ta ji. Na zo neman maƙiyi na tarar da bawan Allah mai mata bahaguwa, ya kuma ƙara min abin da ban zo da shi ba. A mota na yi ta juya maganarsa. Na ce a'a, Baba almakashin ya gani, jan zaren ya gani, ran mutum in ya ɓaci ba ya tsayawa duban bakin ƙyalle. Sai almakashin hagun nan ya faɗo min a rai, na kore shi, ya dawo.

Asabar ta zo. Babin ranar bai tona komai ba, Korarre ne ya iso ƙofar garinsu bayan shekaru, ya tsaya a waje bai shiga ba. Da rana Yaya ta tafi kai wa wata kayanta, shago ya rage daga ni sai Baba. Na ja kujera kusa da shi na karanta masa har ƙarshe. Yana riƙe da wani wando yana zare ɗinkin ƙugu da 'yar reza.

"Shi ke nan?" ya ce.

"Shi ke nan na yau." Na yi 'yar dariya wadda ni kaina ban yarda da ita ba. "Baba, ka ji wani shirme. Wani a zaure wai 'Yar Fitila ce ta yanka labulen. Wai don bakin ya tattaune."

Bai ɗago ba. Ya ja wani dogon zare ya ajiye a gwiwarsa.

"Sai yanzu suka gano? Ai wannan tun babi na uku. Duk wanda ya taɓa riƙe almakashi ya san cin bahago."

Wata mota ta wuce a titi. Na ji harshena yana taɓa haƙorin da aka cike.

"Kin tsallake min wani wuri a littafi na huɗu," ya ce. "Na ji labarin ya yi tsalle, kamar ɗinkin da allura ta ƙetare. Na sa Yayarki ta nemo min. Tun daga ranar duk abin da kika karanta sai ta sake karanta min in kin fita, ko kin rage wani abu. Kada ki ga laifinta, ni na ce ta yi shiru."

"Baba..."

"Wutsiyar zare. Mutum uku na faɗa wa. Yayarki ko wasiƙa ba ta son rubutawa, ke kuma ga ki kina tsallakewa. Saura wa?"

Na ce, "Ni ce na yanka silikin nan." Shekara sha biyu ina tsoron kalmomin nan, sai ga su sun fito ƙanana, ko cika shagon ba su yi ba.

"Na sani, Auta. Tun kafin in ɗaga almakashin na sani."

Na yi zaton in ranar ta zo kunya ce za ta kashe ni. Abin da na ji fushi ne.

"Ka sani ka mare shi? Ka sani ka bar ni shekara sha biyu ina..."

Ya ajiye rezar. "Matar nan tana ihu, layi ya cika, sai an ba ta wani. Na dube ki ta taga kin laɓe bayan tankin ruwa kina karkarwa. Na ce wannan in na miƙa ta, ba za ta ƙara riƙe almakashi ba har abada. Shi kuwa namiji ne, zai shanye, ya yi fushin kwana biyu, in kira shi gefe in ba shi haƙuri." Ya shafa wandon da ke cinyarsa. "Abin da na manta, ni na koya masa yanka. Shi ma ya ga bakin silikin. Da na mare shi ba ke ya kalla ba, ni ya kalla. Ya san na sani. Na ce da safe zan same shi. Da safe ba ya nan."

Na tuna tsayuwar Tsinke ranar, hannunsa a kunci. Gaskiya ne, ko sau ɗaya bai waiwayo inda nake ba. Duk shekarun nan na ɗauka tsana ce ta hana shi kallona.

"Ke kina tsoron abin da zai yi da 'Yar Fitila," in ji Baba. "Littafi biyar, kin taɓa jin ya faɗi mugun abu a kanta? Kullum ita ce mai kawo haske. Ni abin da nake jira in ji, me zai yi da tsohon."

Sai a lokacin na lura da abin da hujjojina goma sha tara suka hana ni gani. A duk manyan maɗinkan hasumiya, Tsohon Maɗinki ne kaɗai bai ƙara suka ko ɗaya ba tun ranar da aka yanka labule. Zaure ya daɗe yana gardama a kai, wasu su ce tsufa ne, wasu su ce sihirinsa ne ya ƙare. Wanda bai yi ɗinki ba, ba abin da zai manta.

"An ce Mai Zaren nan yana karanta abin da kuke rubutawa?" in ji Baba.

"Yana karantawa. Ba ya amsawa."

"Ba amsa na ce ya yi ba. Ɗauki wayar."

Na ɗauka. Zaure yana ta kacaniya a kan ko Korarre zai shiga gari ko zai juya.

"Rubuta musu, wani tsohon tela ya ce shi ma yana da hasashe. Tsohon Maɗinki ya san wanda ya yanka tun ranar. Ya zaɓi wanda yake ganin zai iya ɗauka, kuma ya yi kuskure, kuma ya sani." Ya tsaya yana lalubar rezarsa, bai same ta ba, ga ta kuwa a gwiwarsa. "Ki ce keken Korarre yana nan. Ba a sayar ba, ana sa masa mai."

"Baba, a labarin ba su da keke. Da hannu suke ɗinki."

"Rubuta yadda na faɗa."

Na rubuta yadda ya faɗa. Mutum ɗari takwas za su ce Uwar Hujja ta zautu, Likitan Haƙori kuma zai ce an sace masa hasashe. A ƙasa na ƙara nawa layin: na janye hujjojina duka, 'Yar Fitila ce ta yanka, da almakashi mai jan zare a mariƙi, kuma ta ga lokacin da aka mare shi ta yi shiru. A labarin ba a taɓa faɗar launin zaren ba, ba a kuma ce an mari kowa ba.

Na tura. Nan da nan tambayoyi suka fara zubowa, a wane babi na ga jan zare, a wane littafi aka yi mari. Na kife wayar a kan kwalin zare.

"Ya gani?" in ji Baba.

"Ba yadda za a sani, Baba. Sai dai Asabar."

Ya gyaɗa kai, ya juya fuskarsa wajen lungun da ba ya iya hangowa, inda keken Tsinke yake.

"To cire masa zanen nan," ya ce. "Ya sha iska."